Agogon da aka saka cikin kunshi

Talata, bayan Isha'i.

Da hantsi na kai agogon bangon marigayi Baba wurin mai gyara a bakin kasuwa. Na zauna kan benci ina kallonsa, ya maƙale gilashi a ido ɗaya, yana tsince ƙura daga haƙoran agogon da ɗan tsinken ƙarfe, numfashi ma a hankali yake yi. Muna cikin hira ya ce mini a Kanada an taɓa rataye wani mai sana'a irin tasa saboda jirgin sama. Ina dawowa gida na hau intanet, kuma tun azahar raina bai kwanta ba.

Ranar 9 ga Satumba, 1949, jirgin DC-3 na kamfanin Canadian Pacific ya tashi daga birnin Kebek zai nufi garin Baie-Comeau. Bai yi nisa ba ya tarwatse a sama kusa da Sault-au-Cochon. Mutum 23 ne a ciki, babu wanda ya fita. Albert Guay, mai sayar da agogo da kayan ado, shi ya kitsa abin don ya rabu da matarsa Rita, wadda ke cikin jirgin, ya auri wata yarinya. Sai da ya yi wa matar inshora ta dala 10,000 tukuna. Généreux Ruest, mai gyaran agogo, ya haɗa nakiya da batir da agogon ƙararrawa, 'yar uwarsa Marguerite Pitre ta ɗauki kunshin a tasi ta kai filin jirgi aka karɓa a matsayin kaya. Wa ke buɗe kaya a wancan zamani?

Lissafin Guay shi ne bam ɗin ya tashi jirgi na bisa kogin Saint Lawrence, ruwa ya haɗiye shaida. Sai aka samu jinkirin minti biyar wajen tashi, tarkacen ya zube a tudu, masu bincike suka gano alamar nakiya. Asiri ya tonu. An rataye su duka ukun. Pitre, a 1953, ita ce mace ta ƙarshe da aka rataye a Kanada.

Sauran mutum 22 ɗin ne suka fi tsaya mini a rai, har da yara ƙanana. Guay bai san sunansu ba, ba su tare masa komai ba, amma da su ya yi lissafi. Uwargida ta kawo tuwo, na ci loma biyu na ture kwanon. Allah ya raba mu da bushewar zuciya irin wannan.