Gonar Furanninmu a Legas, Daga Kaka Zuwa Jika

Sana'ar noman fure ta shigo gidanmu ne ta hannun kakana, wanda ya baro ƙasar Zazzau a jirgin ƙasa ya sauka a Agege, inda Hausawa fataken goro suka daɗe da kafa zango. Ya sami aikin lambu a gidajen Turawa da ke Ikoyi tun kafin samun 'yancin kai a 1960, a can kuma ya san furannin da ba a shuka su da ƙwaya, sai da albasarsu da ke kwance a ƙasa. Duk lokacin da aka rage cunkoso a lambun maigida, sai ya nemi izini ya kwashe rarar zuwa wani fili da ya ara a bayan unguwa. Daga wannan rara gonarmu ta samo asali.

Mahaifina ne ya mayar da abin ciniki sosai, yana kai shuke-shuke ofisoshin gwamnati da gidajen jakadu. Da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, manyan masu saye suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, sannan gine-gine suka cinye filin Agege. Baba ya tone albasar gaba ɗaya, ya zuba a kwanduna, ya koma da ita wajen Ikorodu, inda muke har yau. A ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci da aka taɓa yankewa a gidanmu, domin fili ana iya samun wani, amma irin da ya yi shekara da shekaru yana sabawa da ruwan Legas ba a samunsa a kasuwa.

Abin da muka fi nomawa shi ne jan amarilis, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka yake kuma yana buɗewa a nan bayan hunturu, sai farar albasar kwaɗi, da tuberos mai ƙamshin dare. Babban abokin gabar albasa a Legas shi ne ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuli ƙasa ba ta bushewa, saboda haka muna ɗaga kunya sama sosai, mu gauraya baƙar ƙasa da yashi da kashin kaji da ya riga ya ruɓe. Idan fure ya bushe ba ma taɓa ganyen, domin shi ne ke ciyar da albasar ta tara ƙarfin baɗi. Sai ganye ya yi rawaya ya kwanta muke tonewa, mu ɓalle 'ya'yan da suka manne a gindin uwar da yatsa, mu barbaɗa toka a wurin raunin, mu shanya a inuwa. Wadda aka matsa aka ji ta yi laushi, ko tana wari, nan take ake fitar da ita kafin ta shafi sauran. Ɗan albasar amarilis yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya ba da fure, shi ya sa mai gaggawar riba ba ya daɗewa a wannan sana'a.

Sau da yawa masu saye kan nemi tulif saboda sun gani a hotunan Holan, nakan gaya musu gaskiya cewa albasarsa tana buƙatar makonni na tsananin sanyi kafin ta yi fure, abin da Legas ba ta da shi. Wardi kuwa, wanda ake rububinsa ranar masoya ta 14 ga Fabrairu, galibinsa daga Kenya yake zuwa a jirgin sama, ba ma kuma gasa da masu shigo da shi. Abin da ya fi damuna shi ne furen roba, wanda ya janye mana masu ƙawata wuraren biki da yawa.

Yanzu otal-otal da majami'u da masu sababbin gidaje a Lekki ne ke riƙe da cinikin. Babbar 'yata ce ke karɓar oda ta WhatsApp tana tsara kai kaya da asuba kafin cunkoson hanyar Ikorodu, ƙaninta kuma ya fara koyon raba 'ya'yan albasa da uwarsu a hannuna. Gidaje sun soma matso mu a nan ma, don haka muna duba fili wajen Epe, da niyyar fara kai wani kaso na irin zuwa can idan damina ta ɗauke.