Gashi ya dawo, awo bai dawo ba

Shekara 19 ina ɗinki, ban taɓa rubuta awon kowa ba. Mace ta tsaya in zagaye ta da tef, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, duk su zauna a kaina har sallah ta zagayo. Makon jiya kuwa na auna wata amarya, kafin in ƙarasa wajen keke lambar ta gudu. Sau uku ina cewa, "Yi haƙuri ƙanwata, sake tsayawa."

Sankarar mama ce ta kama ni. Aka yi aiki, aka bi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zagaye 6, duk bayan sati uku, har da jan ruwan nan doksorubisin mai rina fitsari. Amai da zubewar gashi na shirya musu, an gaya mini. Abin da ban shirya masa ba shi ne in tsaya a la'asar ban san raka'a ta nawa nake ba, kullum sai ƙabli ko ba'adi. Almakashi na hannuna, sunansa ya ɓace, sai in ce wa Auta, "Ungo abin nan, abin yankan nan." Miya kuwa, ranar da ta sha gishiri sau biyu Malam bai ce uffan ba, ruwa kawai ya yi ta sha.

Inna ta ce a nemo mai ruƙiyya. Ni tsorona daban ne: ko ciwon ya hau kai? Wata biyu ina ɓoye wannan tambaya kafin in iya furta ta gaban likita. Da ya duba ni, ya ce sanannen abu ne, kamar hazo yake a ƙwaƙwalwa. Ba maganin kaɗai ba ne, ƙarancin jini, rashin barci, damuwa, ɗaukewar al'ada, duk da hannunsu. Mafi yawa yana sassautawa cikin watanni, wasu kuma ya ja su shekaru.

Abin da ke ci mini rai, kowa ya ga gashi ya tsiro sai "Ai kin warke, Hajiya!" In na ce ina mantuwa, a ce kowa ma yana yi. Ba irin ta kowa ba ce.

Yanzu da littafin awo nake aiki, waya na tuna mini shan tamoksifen, maganin hana sankarar dawowa, bayan asuba in taka zuwa bakin titi in dawo. Ba na hira ina yanka. Atamfar mutane ce.