Shekara 7 ban miƙa hannuna an auna ba

Har yau in na tuna ƙwayoyin hawan jinin nan da na zuba a kwandon shara sai in ji kamar in mari kaina. Ranar arba'in ce, a gidanmu na Aboabo a Kumasi. Mma ta dube ni ta ce, "Ke, hawan jinin ciki ai ciki yake bi. Kin sauka lafiya, maganin me kuma?" Abin da nake son ji ke nan dama.

A 2016 ne, cikin ɗana na biyu. Wata na takwas ƙafafuna suka kumbura har silifa ba ya shiga, kai kamar ana sara, awo ya nuna 165/110, ga furotin a fitsari, cutar da likitoci ke kira preeclampsia. Aka yi min allurar hana jijjiga, aka ciro shi ta tiyata. Nan kam ba ni da ƙorafi.

Bayan nan ne abin ke min ciwo. Duk wata ina goye da yaro zuwa awo, a rataye shi a sikeli, a rubuta a littafi, a yi masa rigakafi. Ni da na leƙa kabari na dawo, babu wanda ya ce miƙo hannunki. Ni ma ban miƙa ba, gaskiya ɗaya ce. Ga kunun kanwa da na ɗirka a jego, alhali kanwa a wajen zuciya ita da gishiri duk ɗaya ne. Ga koobi da momoni, kifin nan mai gishiri, a miya kullum, ga dunƙulen Maggi har uku.

Sai a 2023, ina hawa bene zuwa shagona a kasuwar Kejetia, numfashi ya ƙi kai min, ido ya yi duhu. Mai kemis ya ɗaura min awo: 172/104. Ya sake, bai sauka ba.

A asibiti likitar ta yi min tambayar da ba a taɓa yi min ba: "Hajiya, kin taɓa hawan jini da ciki?" Na ce ai wannan ya wuce tuntuni. Ta ajiye biro. Ta ce ciki kamar gwaji ne ga jijiyoyin jini. Cutar daga mabiyiya take farawa, tana taɓa bangon jijiyoyin jiki duka, kuma fitar mabiyiya ba ya nufin sun koma yadda suke. Macen da ta yi ta, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yakan ninka mata kusan sau 2, na zaunannen hawan jini kuwa sau 3 zuwa 4. In an ciro yaro bai isa ba, irin nawa, ko cutar ta maimaita, ya fi haka. Tun 2011 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa ta cikin abubuwan da ya kamata a tambayi kowace mace. Shekara biyar kafin in haihu ke nan fa!

Hoton zuciya ya nuna bangonta ya fara kauri, saboda ta daɗe tana tura jini da ƙarfi ni ban sani ba. Ƙoda lafiya, alhamdu lillahi. Amma ƙwayar da na zubar a arba'in, yanzu ita ce abokiyar kokona kowace safiya. Awon minti biyu, ko sau ɗaya a shekara, da ya kama shi tun da wuri.

Da ƙanwata ta samu ciki, da kaina na raka ta awon farko na ce a rubuta cewa yayarta ta yi, domin abin yana bin dangi. Likita ya duba ta, ya ɗora ta a kan ƙaramin asfirin tun ciki bai kai mako 16 ba. Na ce ko bayan suna, duk ranar da aka auna yaro ta miƙa nata hannun.

Na sayi na'urar awo na ajiye kusa da sallaya. Makon jiya na lallaɓa Mma na ɗaura mata, ta nuna 158/96. Ta ce batir ne ya yi sanyi.