Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Makarantarmu Ta Yi Suna

A makon jiya na tsaya a inda na samu aikin jera littattafai a laburare, na fara ɗan numfasawa daga matsin kuɗi. Yau kuma labarin ƙwallon kwando ne, wasan da ban taɓa kallo ba kafin in je Amurka.

Makarantar da na yi jami'a ce, ana kiranta UMBC (wato University of Maryland, Baltimore County), tana gefen birnin Baltimore a jihar Maryland. Duk wanda na faɗa wa sunan a gida sai ya ce, "Ina ne kuma nan?" Su kansu Amurkawa kaɗan ne suka san ta, kuma da ilimin kimiyya da wasan ces suka san ta. Ƙungiyar ƙwallon kwandon maza kuwa abin tausayi ce. A kakar 2015 zuwa 2016 wasa 7 ta ci, aka cinye ta a 25. Daga nan aka kawo sabon koci, Ryan Odom, abubuwa suka fara gyaruwa.

Abokin ɗakina, wani baƙar fata ɗan Baltimore, shi ya fara jana filin wasa, tunda ɗalibai ba sa biyan kuɗin shiga. Shi ya koya mini cewa jifa daga bayan layin nan mai lanƙwasa maki uku ce, ta cikinsa kuma biyu. Ya saya mini rigar ƙungiya, sai dai alamarta kare ce, irin wanda mafarauta ke aikawa ya ɗauko agwagwa daga ruwa. Da na tura wa Umma hoto, amsarta ta zo da murya: "Kai kuwa ka rasa abin da za ka manna a ƙirji sai kare? To kar in ji ka yi salla da ita." Na ce, "In sha Allahu, Umma." Tun daga ranar nake yawo da wata riga a jaka.

A watan Janairun 2018 jami'ar Albany ta yi mana cin kaca, 83 da 39. Abokina ya kashe kwamfuta, ya ja bargo ya rufe kai tun da sauran rana. Amma yaran suka farfaɗo, har suka kai wasan ƙarshe na rukuninsu, America East, inda suka je gidan Vermont ranar 10 ga Maris. Vermont ta yi shekaru tana dukanmu. Ana kunnen doki, 62 da 62, saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, Jairus Lyles ya ɗaga daga nesa ya jefa, ƙwallo ta shige. Da wannan muka samu gurbi a gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka.

Sai mutum ya zauna a can zai gane yadda gasar nan take juya ƙasar. A shekarar ƙungiyoyi 68 ne, wasannin share fage suka mayar da su 64, kuma wanda aka cinye sau ɗaya ya tattara ya koma gida. Ana raba su shiyya huɗu, a ba kowace lamba daga 1 zuwa 16 gwargwadon ƙarfinta, sai a haɗa ta ɗaya da ta sha shida a zagayen farko. Malamai, masu shara, har matar da ke zuba mana abinci, kowa da takardar hasashensa na waɗanda za su ci. Mu lamba 16 aka ba mu, aka haɗa mu da Virginia, wadda ta ci wasa 31 ta faɗi 2 kacal, ita ce kuma ta ɗaya a duk ƙasar. Tun 1985 an yi irin wannan haɗuwa sau 135, ƙaramar ba ta taɓa ci ba. Abokina, duk da kurinsa, Virginia ya rubuta a takardarsa.

Daren Juma'a 16 ga Maris aka buga a birnin Charlotte. Mu a falon hostel muka kalla. Aka tafi hutun rabin lokaci 21 da 21, muna ta murna ba a kunyata mu ba. Da aka dawo sai abin ya zama kamar almara. K.J. Maura, ɗan Puerto Rico mai tsawon ƙafa 5 da inci 8, yana ta silalewa tsakanin ƙattai kamar tarwaɗa. Lyles kuwa jijiyar ƙafa na ɗaure masa, yana ɗingishi yana zurawa, har ya tara maki 28. Virginia da tsaron gida ta yi suna, kusan maki 53 ake iya ci a kanta a wasa guda. Yaranmu a rabi na biyu kaɗai suka ci 53. Aka tashi 74 da 54.

Wani ɗan Indiya da muka yi wata da watanni muna wuce juna ba gaisuwa ya rungume ni yana kuka. Na ji kaina ina ihu "mun ci", ni da kullum nake cewa "makarantarsu". Shafin intanet na jami'ar ya tsaya cak saboda yawan masu neman sanin wace ce UMBC. Na kira Baba, lokacin ya tashi alwalar asuba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To madalla. Ya karatun?"

Ranar Lahadi Kansas State ta fitar da mu, 50 da 43, kaka ta ƙare da ci 25 da faɗuwa 11. A ganina ba a yi wa kocin Virginia, Tony Bennett, adalci ba a surutun da ya biyo baya, domin mutumin ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa kaye ba kame-kame, kuma a 2019 shi ya ɗaga kofin.

Kamfanin Little Caesars ya yi alkawarin raba fiza kyauta idan lamba 16 ta doke lamba 1, yana ganin ba za ta faru ba. Dole ya cika a farkon Afrilu. A layin karɓar fizar nan, ina tambaya ko da akwai wadda ba naman alade, wata murya daga bayana ta ce da Hausa, "Karɓi mai cuku kawai." Wace ce ita, da yadda aka yi 'yar Damagaram ta zo Maryland, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.