Abin da haɗa intanet a gidajen Kano ya koya mini

Sana'ata gyaran waya da kwamfuta ce a kasuwar Farm Centre, ina kuma bin gidaje da shaguna ina haɗa musu intanet. Yawancin waɗanda suka zo mini da kukan an yi musu kutse, ba wani gwani ne ya fi ƙarfinsu ba. Na'urar ce suka bari yadda ta fito daga kwali.

Juya rautar gidanka, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ko ƙaramar MiFi ɗin da kake sawa a aljihu. Za ka ga takarda a manne ɗauke da sunan shiga da kalmar sirri, sau da yawa admin da admin. Wannan ba ita ce wadda kake bai wa baƙo ya hau intanet ɗinka ba, ita ce ta shiga cikin na'urar kanta. Duk wanda ya hau layinka ya same ta a haka, zai iya ganin wayoyin gidan, ya ma karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi. Da irin wannan sakacin wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ɓarna a 2016. Kalmomin kamfani kawai ta riƙa gwadawa a kan kyamarori da rautoci, ta kame dubun dubata, aka yi amfani da su a watan Oktoba aka durƙusar da Twitter da Netflix a Amurka. Shi ya sa in na kafa wa ɗan kasuwa kyamara a Kantin Kwari, ba na tashi sai ya sauya kalmar da hannunsa.

Abin da ya fi ba ni wuya, kunya ce. Maƙwabci ya yi sallama ya ce, "Alhaji, a ɗan taimaka da lambar nan," wa zai iya cewa a'a? Shi kuma wayarsa tana iya miƙa wa abokinsa ba tare da ka sani ba, kafin wata ya kama duk majalisar ƙofar gida tana kai. Ni ba na cewa a hana, maƙwabci yana da haƙƙi. Sai dai galibin rautoci suna da layin baƙi na daban, wanda yake kamar zaure: baƙo ya zauna a ba shi ruwa, amma bai leƙa cikin gida ba. Shi nake kunna wa mutane, in sa musu tsaron WPA2 ko WPA3, don tsohon nan WEP an daɗe da fasa shi.

Layin intanet na kyauta kuwa, a otal ko filin jirgi ko makaranta, kowa na iya buɗe layi da wayarsa ya raɗa masa sunan wurin, ka hau kana zaton na wurin ne. Ka karanta labarai a kai, ba laifi. Harkar banki dai ka yi da datarka, ka kuma hana wayar hawa kowane layi da kanta.

Sai maganar sabunta manhaja. Kullum sai na ji, "Malam, kashe mini abin nan, yana cinye mini data." Na san data ta yi tsada, amma raina ba ya son kashewa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhajar mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha. Har gobe ana kawo mini kwamfuta mai Windows 7, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, kuma a cikinta mai shago yake ajiye lissafinsa.

Layin waya ma ana mantawa da shi. Mutum ya kulle fuskar waya da zanen yatsa, ya bar sim a buɗe. In aka fizge wayar a adaidaita sahu, ko ta ɓace a wurin masu caji, ɓarawo cire sim ɗin kawai zai yi ya sa a wata wayar, saƙonnin banki su riƙa zuwa masa. Sa wa sim lambar sirri bai kai minti biyu ba. A adana lambar PUK da ke jikin katin da sim ya zo da shi, domin in aka kuskure lambar sirrin sau uku layin zai kulle, kuma PUK ɗin ce ke buɗe shi.