Asabar, mu da kayan Fir'auna

Yau dai Abban Hanif ya tattara mu sai wurin baje kayan kabarin Tutankhamun, wani sarkin Masar na zamanin dā. Tun a jirgin ƙasa nake mita, don tun jiya ya faɗa min ba na ainihin ba ne, masu sana'ar hannu ne a Masar suka kwaikwaya, na gasken suna can ƙasarsu. Na ce yanzu fisabilillahi a sanyin Jamus ɗin nan za mu fito mu biya kuɗin tikiti don mu kalli jabu? Ya ce ke dai muje.

To ni dai bakina ya mutu a ɗakin farko. Sun shirya shi ne daidai yadda Howard Carter, Baturen da ya gano kabarin, ya gan shi ranar 26 ga Nuwamba 1922, lokacin da ya huda ƙofa ya zura kyandir ya leƙa, Lord Carnarvon mai biyan kuɗin tonon yana bayansa yana tambaya ko ya ga wani abu. Gadaje uku masu kawunan dabbobi, akwatuna kan akwatuna, kekunan doki an kwance ƙafafunsu an jingine, ga wasu baƙaƙen gumaka biyu suna gadin ƙofa, wlh kamar kayan amarya an sauke daga mota ba a kai ga yin jere ba. Kaya sama da 5,000 fa, sai da suka yi kusan shekara 10 suna kwasa.

Wajen gawar kuma abin ya zama akwati cikin akwati, wasu ɗakunan katako huɗu da aka shafe da zinare ɗaya cikin ɗaya, sai akwatin dutse, sai akwatuna uku masu siffar mutum, na cikin zinare ne zalla kilo 110. Wurin fuskar zinaren nan da aka rufe fuskar gawar da ita ma layi ake, kowa sai ya ɗau hoto, ni kam na leƙa na wuce don na gaji da ganinta a waya. Abban Hanif ne ya tsaya lissafin nawa kilo 10 na gwal, wato nauyin fuskar, zai yi a kasuwa, na ce sannu ɗan kasuwa.

Hanif da ya ji a abin kunnen da suka ba mu cewa Tutankhamun yana wajen shekara 9 ya hau mulki sai ya ce Mami sa'ana ne kenan, na ce eh, kai da ko takalmin makaranta sai an nemo maka. Bai kai 20 ba ya mutu. An samu sanduna kusan 130 a kabarin, masu bincike sun ce ƙafarsa na da matsala. Har da allon wasansa mai suna senet, ya ɗan yi min kama da dara.

Inda na daɗe shi ne gaban wasu ƙananan akwatunan gawa guda biyu. 'Ya'yansa ne mata, duk ba su zo da rai ba, aka shirya su aka sa su kusa da ubansu. Na san katako ne da fenti aka yi a zamaninmu, amma ɓarin da na yi bara ne ya faɗo min a rai, na kasa matsawa har Abban Hanif ya dawo ya kama hannuna bai ce komai ba.

Da daddare na kira Hajiya ina ba ta labari, ta ce a'uzubillahi kayan Fir'auna kuka kai min jika kallo? Na ce Hajiya fir'auna sarauta ce, sun yi yawa, wannan yaro ne. Ta ce duk da haka a tofa masa Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta. Na tofa masa, har ya yi barci da fuskar kwali da muka saya a bakin ƙofa.