Ƙanƙarar zoɓo da maganar Yaya

Zafin yau ba a magana. An kawo wuta tun asuba, abin mamaki, sai na ce bari in yi wa yara ƙanƙarar zoɓo da ta tsamiya kafin a ɗauke.

Ina cikin tace zoɓon sai ga Yaya da buhun robobin lemo, wai ta sa an tsinto mata, in ɗibi nawa, a wanke da omo shi ke nan. Na ce, "Yaya, ni dai ba zan zuba a ciki ba." Ta ce me ya same su? Na kifa ɗaya na nuna mata lamba 1 a cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku. Irin wannan don amfani sau ɗaya aka yi ta. Bakin ƙarami, soso ba ya shiga, kuma wa ya san abin da aka zuba bayan an shanye lemon? Wani fetur, wani maganin sauro. In roba ta zama dole, gara mai lamba 5, ita ce aka yi don a riƙa wankewa ana sake amfani, kuma ko ita sai zoɓon ya huce.

"To malama, leda fa?"

Na tuna mata yadda leda ta toshe kwatar layinmu bara da damina, har ruwa ya shigo zaure. Ta taɓe baki. "Ke dai tun da kika samu babbar waya kika hana kanki sakat. Da ƙanƙarar leda muka girma, ga mu nan."

Ban tanka ba. Na ɗauko ƙananan kofunan silban nan na Inna, na zuba, na bar ɗan sarari a sama tunda ruwa kumbura yake in ya daskare, abin da ke fasa kwalba kenan. Kowanne na tsoma masa ƙaramin cokali ya zama mariƙi.

Sai da ta ɗauki mayafinta za ta tafi ta juyo. "Ke na shan gida kike yi. Ni sayarwa nake. Yaro ya miƙo min naira hamsin, in ba shi kofin silba ya tafi da shi?"

Wallahi har yanzu maganar na cina. Da ribar ƙanƙarar nan take biya wa yara kuɗin Islamiyya. A 2024 Legas ta hana robar abincin nan fara mai kamar soso, mutane suka yi ta yabo, ni ma na yaba. Amma irin su Yaya me za a ba su ya maye leda, mai arha kamarta? Duk bayanin lambobin da na zuba mata bai taɓa wannan ba.

An ɗauke wuta bayan la'asar, ta zoɓon ba ta gama kamawa ba. Auta ya sha tasa a haka, rigar makaranta duk ja.

Abbansu ya dawo da mura. Gobe niƙan gero, in Allah ya kai mu.